Ana Jiran Kayan Gyara

Litinin, ƙarfe tara na safe

Na kai motarmu gareji. Babu abin da ya same ta. Na ce wa bakanike ya ɗaga ta ya cire mata taya ɗaya, idan maigidana ya kira ya ce ana jiran kayan gyara. Ya tsaya yana kallona da tsumma a hannu kamar na aike shi sata. Na ce, "Kai dai yi abin da na ce, ba shawara na zo nema ba."

Ranar Alhamis da ta wuce muka je wurin abokin maigidan, ɗan ajinsu, likitan ƙwaƙwalwa. Da aka gama hotuna da gwaje-gwaje sai ya tura shi a ɗebi jininsa, ni kuma ya tsare ni a ofis. Ya ce ganinsa na gefen hagu yana tafiya, kuma ba zai dawo ba. Ya ce kada ya sake riƙe sitiyari, ko daga ƙofar gida zuwa bakin titi. Sauran abin da ya faɗa ba zan rubuta shi a nan ba.

Na ce, "Bar ni da shi, ni zan gaya masa." Ni da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana leƙa bakin mutane yana cire musu haƙori, ya rufe asibitinsa watan jiya wai ya gaji. Abin da ya rage masa shi ne ya ɗauki makulli da yamma ya zaga gari. Shi kuma ni aka bar wa in ƙwace.

Gobe zan gaya masa.

Talata, da hantsi

"Shugaba, ina motata?" Haka yake kirana tun muna sabon aure, wai don ko kujera ba a matsarwa a gidan nan sai da izinina.

Na ce, "Tana gareji. Ana jiran kayan gyara."

"Me ya lalace?"

"Ni bakanike ce?"

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da karin kumallonsa. Kofin shayin yana hagunsa, sai laluben teburin yake yi. Na miƙa hannu kamar zan ɗauki sukari na tura masa kofin dama.

Laraba, da yamma

Ana jiran kayan gyara.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Ƙaninsa ya zo, Sarkin Zuga. Tun da na shigo gidansu ban taɓa ganin ya kashe wuta ba, sai dai ya kawo fetur. Suka haɗa kai a kan waya suna ta "kai!" da "wai-wai!" Na leƙa. Wata jar mota ce, ta kwanta a ƙasa kamar an taka ta, kujera biyu kacal.

Maigidan ya ɗago ya ce, "Tunda tsohuwar ta ƙi gyaruwa, sabuwa zan saya."

Na dake. Na ce, "Mai kujera biyu? Jikokinka a but ɗin baya za ka zuba su?"

Sarkin Zuga ya ce, "Haba Matar Yaya, ki bar mutum ya ji daɗin guminsa mana. Wannan ko kafin ki rufe baki ta ɓace miki."

Na ce masa idan bai rufe nasa bakin ba shi zai fara ɓacewa daga falona. Ya yi dariya, ya ɗauka wasan da muka saba ne.

Ni na kai mota gareji don in hana shi tuƙi, ga abin da na jawo. Haushin kaina nake ji, amma nasa ya fi.

Asabar, bayan azahar

Mun je wurin sayar da jar motar, a motar Sarkin Zuga. Wurin duk gilashi ne, ƙasan yana ƙyalli har kana ganin ƙasan takalminka. Mai sayar da motocin ya taho yana washe baki tun daga nesa. Maigidan ya raɗa mini cewa haƙoran nan ba nasa ba ne, an liƙa masa ne, kuma aikin bai yi kyau ba. Na kusa dariya, na tuna ina fushi. Ni dai na sa masa suna Farin Haƙori.

Ya ce irin wannan mota ba sa sayar wa mutum sai ya gwada ta a filinsu da ke baya. Yau malamin tuƙinsu zai ja, mai saye ya zauna a gefe ya ji yadda take. Asabar mai zuwa mai saye zai karɓi sitiyari ya bi tsakanin robobin da za a jera masa a hankali. Ta bayanta kuma a buɗe masa doguwar hanya ya taka iya son ransa.

Iya son ransa. Haka ya faɗa, yana kallona kamar albishir ya yi mini.

Malamin tuƙin dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya son magana. Ya sa wa maigidan hular kwano, ya ɗaure masa bel. Ni aka ajiye ni bayan shingen waya a kan wani benci mai zafi. Da motar ta tashi sai da na ji ƙarar a cikin haƙarƙarina. Ta wuce ta gabana ja kawai na gani, ta sha kwana tayoyin suna kuka, warin roba ya cika mini hanci.

Ya fito yana dariya, yana dukan rufin motar da tafin hannu. Rabon da in ga dariyar nan tun kafin ya rufe asibiti. Wallahi a lokacin na tsane shi. Ni ina ɗauke da abin da ke hana ni cin abinci, shi yana tsalle a gaban baƙi da hula kamar tukunya a ka.

Lahadi, da yamma

Ya wuni yana kwaikwayon kukan injin a falo. Gobe zan gaya masa.

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe, a shago

Likitan nan ɗan ajinsu ya kira. "Kin gaya masa?"

Na ce ina neman lokacin da ya dace. Ya ce irin wannan magana ba ta da lokacin da ya dace. Na ce to shi da ya yi karatun me ya hana shi faɗa da kansa, ya tsaya yana aiken mace? Ya ce, "Ke kika ce in bar miki." Na kashe wayar.

Da na koma kan teburin yanka na datse yadin labulen wata mata, ya gaza da kusan taƙi guda. Yadi mai nauyi, ruwan zuma, babu irinsa kuma a kasuwa. Tunda na buɗe shagon nan ban taɓa yanka ba tare da na sake aunawa ba. Na zauna ina kallon almakashi kamar shi ya yi laifin.

Laraba, da yamma

Na gaya wa babbar 'yarmu a waya. Ta yi ta kuka, sannan ta ce, "Mama, Baba ya sani?" Na ce ta kula da 'ya'yanta ta bar mini mijina.

Tana kashewa ya leƙo daga ɗaki. "Har yanzu motar?"

"Ana jiran kayan gyara."

"Daga wace duniya za a kawo su?"

"Ka je ka tambaye su."

Ya ce to. Wannan "to" ɗin nasa ita ke ƙona mini rai. Mutum ya yi faɗa mana, ya ɗaga murya, in samu inda zan kama.

Juma'a, da safe

Ya buge kafaɗa da ƙofar banɗaki, ta hagu. Ya ce ƙofar ce ta matse. Na ce eh, zan kira kafinta.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Sun jera robobi a filin, masu ruwan lemo, kamar mazurari a kife, layi biyu da hanya a tsakani. Shi ke riƙe da sitiyari, malamin tuƙi a gefensa. A hankali yake tafiya, ko mai keke zai wuce shi.

Na dama ko ɗaya bai taɓa ba. Na hagu kuwa ya bi su yana kwantarwa ɗaya bayan ɗaya, wani ma ya maƙale a ƙarƙashin motar tana jan sa ƙiii har ƙarshen layi.

Farin Haƙori ya ce, "Ai kowa haka yake farawa, ranka ya daɗe, motar ce tana da faɗi." Maƙaryaci. Ko da makaho aka kawo masa da sanda zai ce motar ce tana da faɗi, in dai za a saya.

Sarkin Zuga yana ta tafi. Malamin tuƙi ya sauka ya bi layin yana tayar da robobin, da ya zo daidai shingen ya ɗago ya dube ni. Na kawar da kai na shiga neman abin da ban ajiye ba a jaka.

A hanyar dawowa maigidan ya ce, "Saura doguwar hanya." Ba wanda ya amsa sai ƙaninsa.

Lahadi, bayan abincin rana

Mun yi ta. Na ce masa tsofai-tsofai da shi, furfura har a gira, zai shiga motar samari ya zama abin nuni a gari. Na ce gwiwarsa ma ba ta lanƙwasuwa, jiya sai da aka jawo shi daga kujerar kamar buhu. Na ce duk abin da ya tara da ciwon baya zai zuba a kan abin wasa. Babu abin da ban faɗa ba, har da maganar mahaifiyarsa da ba ta taɓa hana shi komai ba.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ajiye cokali ya juyo gaba ɗaya, yadda yake yi yanzu idan zai kalli mutum.

"Shugaba, dalilinki ke nan? Tsufa?"

Na ce, "Shi ne."

"Babu wani?"

"Wane kuma kake so?"

Ya ce, "To in shi ke nan, ba dalili ba ne."

Na kwashe kwanuka na shiga kicin, na fasa faranti ɗaya. Ba faɗuwa ya yi ba.

Wa ya ba shi izinin yin ciwo? Mun yi da shi zai huta mu riƙa zuwa ganin jikoki, shi yana tuƙi ni ina yi masa gyara. Haka muka yi da shi.

Litinin, da hantsi

Na tare Sarkin Zuga a ƙofar gida na gaya masa, don ya daina hura wutar. Ya jingina da motarsa. Na ce to tunda ɗan'uwansa ne, ya shiga ya faɗa masa.

"Ni? Matar Yaya, wallahi ba zan iya kallon idonsa ba. Ke ce matarsa."

Ya shiga mota ya tafi, ko gaisawa ba su yi ba. Wajen zuga yana gaba, wajen ɗaukar kaya ya zama ƙaramin yaro.

Talata, da yamma

Na dafa masa abin da yake so. Na zauna kusa da shi. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa ko gishiri ya ji.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Na rufe shago na hau tasi na je filin ni kaɗai. Na lallaɓa ta baya don kada Farin Haƙori ya gan ni. Malamin tuƙin yana tsugune yana duba iskar taya. Na gaya masa komai a tsaye, da sauri, kamar mai kai ƙara. Na ce ranar Asabar ya ce motar ta lalace, ko an sayar, ko hanyar ce ake gyara, duk abin da ya ga dama.

Ya miƙe yana goge hannu. Ya ce, "Hajiya, ni ba na yi wa mutum ƙarya a kan mota. Wanda zai zauna a gefena, abin da na sani shi ma ya sani."

Na ce, "To so kake ya kashe kansa ya haɗa da kai?"

Ya ce, "Ki gaya masa."

Kowa ki gaya masa, ki gaya masa. Likita, 'ya, ƙani, yanzu har da mai tayar da robobi. Ba wanda ya zauna da mutumin nan kamar ni tun yana da gashi baƙi. Ba wanda ya san yadda yake goge gilashin mota da gefen hannun rigarsa kafin ya tayar. Na ce masa Allah ya isa tsakanina da wurin nan da duk wanda ke cin abinci a cikinsa. Ya ce, "Sauka lafiya, Hajiya."

Juma'a, da yamma

Ya goge takalmansa na gobe. Bai tambayi mota ba yau.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta.

A tasi muka je, don Sarkin Zuga ya ce wai zazzaɓi yake yi. An fito da jar motar an tsayar da ita a bakin doguwar hanya. Maigidan ya sa hula ya shiga wajen direba. Malamin tuƙi ya buɗe ɗaya ƙofar, sai bai shiga ba, ya tsaya riƙe da ita yana kallona. Maigidan ya sunkuyo ya ce, "Shugaba, shigo. Yau ke za ki zauna."

Na ce ban yi hauka ba. Ya ce to shi kaɗai zai tafi. Na duba malamin, ya miƙo mini hula. Ban san lokacin da na cusa ɗankwalina a cikinta ba. Kujerar tana can ƙasa kamar an zaunar da ni a kwano. Aka ɗaure mini bel, aka rufe ƙofa.

Ya tayar. Duk motar ta ɗauki rawa, har cikin haƙorana. Ya taka totur tana tsaye, ta yi wani gurnani, ya saki. Ya ɗora hannu a kan giya. Bai kalli hanya ba, ni yake kallo.

Ya ce, "Idan babu abin da za ki gaya mini, zan taka."

Na ce, "Kashe motar nan."

"Wannan umarni ne. Na ce abin da za ki gaya mini."

"Ka tsufa da wannan shirmen."

Ya sake taka totur. Na ji giyar ta shiga.

Na riƙe hannunsa da hannu biyu na yi ihu a cikin hular, ban ma san da wace murya ba. Na ce ba ka gani ta hagu. Na ce ba zai dawo ba. Na ce an hana ka tuƙi har abada, motarmu lafiyarta ƙalau, ni na kai ta na ɓoye. Na faɗi sauran ma, wanda ban rubuta a nan ba. Duka na faɗa.

Ya kashe injin. Wurin ya yi tsit, sai ƙarfen motar da ke ɗan ƙara yana hucewa.

Ya cire hula ya ɗora a cinya. Ya ce, "Na sani. Ni na rufe asibitina da hannuna, kin ɗauka gajiya ce? Ranar da na nemi madubin haƙori a tire na rasa, alhali yana gabana ta hagu, ranar na sani. Wannan bawan Allah ma tun zuwanmu na farko na gaya masa, shi ya sa bai bar ni na wuce tafiyar keke ba."

Sai a lokacin na duba gaba sosai. Sandar ƙarfen da ke tare doguwar hanyar tana sauke, da kwaɗo a jikinta. Ba a taɓa niyyar buɗe ta ba.

Na ce, "To me ya sa ka yi mini haka? Me ya sa?"

Ya ce, "'Yarmu ta kira ni tana kuka. Ƙanina ya daina zuwa. Bakanike ya sani, mai koyar da tuƙi ya sani. Kowa kin gaya masa, Shugaba, sai ni. Kina tura mini kofi kamar wani jariri. Ni kuwa daga bakinki nake so in ji, ba daga bakin mai gyaran taya ba."

Na ce masa mugu. Na ce mugu ne shi, azzalumi, ya bar ni ina ƙonewa makonni yana kallo. Ya ce, "Ni ma a cikin wutar nake, ni kaɗai, kina ɗaki ɗaya da ni."

Farin Haƙori ya taho da murmushinsa yana tambaya ko a fara cike takardu. Maigidan ya miƙa masa makullin ya ce motar ta yi kyau, Allah ya kawo mai rabo. Ya ƙara da cewa ya je a duba masa haƙorin sama na gefe, ya kusa faɗowa.

Sai da aka jawo mu duka biyun daga kujerun.

Lahadi, da safe

Ba ma magana. Na ajiye masa kofi a hagu da gangan. Ya juya kai ya nemo shi da kansa, ya sha.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Mun je gareji tare. Bakanike yana ganinmu ya hau mayar da taya ba tare da an ce masa komai ba, ko ido bai yarda mun haɗa ba.

Maigidan ya zaga wajen direba, ya goge gilashin da gefen hannun rigarsa. Ya daɗe a tsaye a wurin. Sannan ya ciro makullinsa daga aljihu, wanda ke haɗe da na gida, ya ɓalle na motar ya sa mini a tafin hannu, ya zaga ɗaya gefen ya zauna.

Na ja mu. Har yanzu ina jin haushinsa, kuma na yi niyyar ba zan ce masa ƙala ba har gida. Mun wuce shataletale, mun wuce gidan mai, na yi shiru, shi ma ya yi shiru yana kallon gaba. Ban lura da inda nake zaune ba sai da na ga hannunsa ya taso yana lalube a tsakanin kujeru, ya taɓa giya, ya taɓa bel, sannan ya samu gwiwar hannuna ya riƙe.

Wajen direba yana hagunsa.

Ya ce, "Shugaba, ki riƙa magana. Ko zagi ne. In kin yi shiru ban san kina nan ba."

Na ce masa ya sakar mini hannu ina tuƙi, tsoho kawai mai taurin kai. Bai saki ba. Ban yi shiru ba har muka iso gida.